Daga Kokoro Zuwa Berengo: Abin da Ya Rage na Gidajen Masu Mulkin Afirka ta Tsakiya

Wanda ya tashi daga unguwar Kokoro, a gefen babbar kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui, ya ɗaura niyyar zagaya gidajen mutanen da suka fara riƙe Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yini ɗaya ya ishe shi ya je ya dawo. Nisan ba shi ne damuwa ba, shigar ce. Gidan Barthélemy Boganda, wanda ake kira uban ƙasa, an mai da shi gidan tarihi, amma tun rikicin 2013 ya shafe shekaru ƙofarsa a garƙame. Gidan Kolongo na Jean-Bédel Bokassa ya zama kufai. Fadarsa ta Berengo kuwa, inda kabarinsa yake, sojoji ne ke gadin ƙofarta, har 'ya'yansa sun taɓa kukan an hana su zuwa ziyara. Ƙasa ce da mafi yawan mutanenta matasa ne, ba su ga waɗannan shugabanni ba, kuma babu wani ɗaki da za su shiga a nuna musu su wane ne, da alherinsu da sharrinsu.

Unguwar da ta san kufai

Kokoro tana cikin gunduma ta uku ta birnin, wadda ta ƙunshi Kilomita Biyar, ko PK5 kamar yadda aka fi rubutawa. Nan ne zuciyar kasuwancin Bangui tun zamanin Turawa. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da mutanen Sanagal da Mali sun zauna nan suna harkar shanu, goro, atamfa, kayan masarufi, zinariya da lu'ulu'u, jikokinsu kuma sun tashi da harshen Sango a bakinsu kamar kowa. Kokoro kanta unguwa ce da Musulmi da Kirista suka zauna katanga ɗaya.

A ranar 24 ga Maris 2013 mayaƙan Seleka, 'yan tawayen da mafi yawansu Musulmi ne, suka ƙwace Bangui suka ɗora Michel Djotodia. A ranar 5 ga Disamba na shekarar 'yan Anti-balaka, mayaƙan da mafi yawansu Kirista ne, suka afka wa birnin, daga nan ramuwar gayya ta ɓarke. Unguwannin da ke kewaye da kasuwar, har da Kokoro, su suka zama fagen daga. An kwashe kwano da ƙofofi da tagogi, aka bar bango tsirara, ciyawa ta cinye tsakar gida. Kiristocin yankin da yawa suka gudu filin jirgin saman M'Poko, inda a wani lokaci mutum kusan 100,000 suka yi sansani a gefen titin jirgi. Musulmi suka takure a cikin PK5, dubbai suka bi manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru. Ko gawa ba a iya kaiwa maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing, sai bayan yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka ƙulla a Fabrairu 2016, watanni kaɗan bayan Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin PK5 a ranar 30 ga Nuwamba 2015.

Saboda haka mutumin Kokoro ba baƙon kufai ba ne. Ya san yadda gida ke mutuwa idan mai shi ya tafi. Abin da ya bambanta gidajen shugabanni da nasa shi ne, nasu ba na iyali ɗaya ba ne, shaidar ƙasa ce gaba ɗaya.

Gidan Boganda: tarihi a cikin akwati

Titin da ya taso daga tsakiyar gari ya miƙe zuwa Kilomita Biyar sunan Boganda yake ɗauke da shi. An haifi mutumin a ƙauyen Bobangui da ke yankin Lobaye wajen 1910, lokacin da kamfanonin Faransa ke tilasta wa mutane tatsar danƙo a daji. Ya tashi maraya a hannun 'yan mishan, a 1938 ya zama limamin Katolika na farko ɗan ƙasar, wadda a lokacin ake kira Ubangi-Shari. A 1946 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa, a 1949 ya kafa jam'iyyar MESAN. Manufarsa ya taƙaita ta a abubuwa biyar: ciyarwa, tufatarwa, magani, ilimi da muhalli. Takensa na Sango, wanda har yau yake kan tambarin ƙasar, yana nufin kowane mutum mutum ne.

Matarsa, Michelle Jourdain, Bafaranshiya ce da ke aikin sakatariya a majalisa. Ya rabu da aikin coci, suka yi aure a 1950, suka haifi 'ya'ya uku. Auren baƙar fata, tsohon limami, da Baturiya ya harzuƙa Turawan Bangui ƙwarai, amma bai rage masa farin jini wajen talakawa ba. Ya zama magajin garin Bangui a 1956, sannan a ranar 1 ga Disamba 1958 ya shelanta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, shi ne shugaban gwamnati. Burinsa ya fi haka faɗi: ya so a haɗe ƙasashen yankin su zama tarayya ɗaya, Gabon da sauran maƙwabta suka ƙi. A ranar 29 ga Maris 1959 jirgin da ya ɗauko shi daga Berberati ya faɗi a yankin Boda, babu wanda ya tsira. Har yau mutane da yawa a ƙasar ba su yarda haɗari ne kawai ba. Bai ga ranar 'yanci ba. David Dacko ne ya karɓi ƙasar a ranar 13 ga Agusta 1960 a matsayin shugaba na farko.

A 1966 aka buɗe tsohon gidan Boganda na Bangui a matsayin gidan tarihi na ƙasa. Masanin kiɗa Simha Arom, wanda ya zo ƙasar a 1963 ya kuma shahara da nazarin waƙoƙin mutanen Aka na cikin kurmi, yana cikin waɗanda suka aza harsashinsa. An tara kaya sama da 3,000: ganguna na katako da ake aika saƙo da su, garayu, wuƙaƙen jifa, tarun farauta, tukwane, kuɗin ƙarfe na dā, da kayan Boganda na kansa. Da yaƙi ya shigo gari, ginin ya sha harsashi da ɓarna, rufi ya fara yoyo. Ma'aikatan gidan suka yi abin da ya fi ƙarfin albashinsu: suka naɗe kayan ɗaya bayan ɗaya, suka jera su cikin manyan akwatunan katako, suka buga ƙusa. Wannan ne ya ceci mafi yawansu daga wawaso. Sai dai kayan da ke cikin akwati ba ya karantar da kowa, kuma gara da laima ba su san darajar ganga mai shekara ɗari ba. Yaron da aka haifa a Kokoro a 2010 ya gama firamare yana bin titin Boganda kullum, bai taɓa ganin teburin da mutumin ya zauna ya zana tutar ƙasar ba.

Kolongo da gidan Nasser

Daga nan sai a gangara kudu maso yammacin birnin, wajen kogin Ubangi, inda gidan Kolongo yake. Mai gidan, Jean-Bédel Bokassa, shi ma ɗan Bobangui ne, an haife shi a 1921, ɗan ƙabilar Mbaka kamar Boganda da Dacko. Yana ɗan shekara shida aka yi wa mahaifinsa dukan mutuwa a Mbaïki saboda ya bijire wa kamfanin danƙo, mahaifiyarsa ta kashe kanta bayan mako guda. Ya shiga sojan Faransa a 1939, ya yi yaƙin duniya na biyu da na Indochina, ya dawo da muƙamin kyaftin. A daren 31 ga Disamba 1965 ya hamɓarar da Dacko. A 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada, a 1974 ya zama marshal, daga baya ya naɗa kansa sarki.

Kolongo gida ne na shaƙatawa da aka ƙawata da tafki da lambu, inda matarsa 'yar Romaniya ta zauna. An ajiye zakuna a keji da kadoji a ruwa. Bayan faɗuwarsa nan ne 'yan jaridar Turai suka yi wa tsinke, suka cika duniya da labarin ɗakin sanyi da cin naman mutane. Kotun da ta yi masa shari'a daga baya ba ta same shi da wannan laifi ba, amma ta same shi da kisan kai, kuma shaidu sun ba da labarin fursunonin da aka kai gidan ba su fito ba. Jama'a sun wawashe gidan tun 1979. Abin da ya saura bangaye ne marasa rufi, ramin tafki da bishiyoyin da suka fasa daɓe.

Gidan Nasser, a cikin gari, shi ne mazaunin Catherine Denguiadé, wadda ta fi kowace cikin matansa matsayi. An haife ta a Sarh ta ƙasar Chadi a 1949, ya aure ta tana yarinya ƙarama. Ana lissafa masa mata 17 da 'ya'ya fiye da 50, amma Catherine ce ya ɗora wa kambi, ɗanta Jean-Bédel ƙarami, mai shekara huɗu, shi aka naɗa yarima mai jiran gado. Bayan juyin mulkin da ya kifar da mijinta ta zauna a Siwizalan, daga baya ta koma gida. Wani abin mamaki shi ne, a wannan gida nata ne tsohon sarkin ya ƙare kwanakinsa bayan an sake shi daga kurkuku, cikin ginin da ya fara zubewa, yana rayuwa da fanshon sojan Faransa, yana gaya wa masu ziyara cewa shi manzon Almasihu ne na goma sha uku.

Dattawan Kilomita Biyar suna da nasu abin tunawa da shi. A Oktoba 1976, lokacin da Mu'ammar Gaddafi ya ziyarci Bangui, Bokassa ya musulunta ya ɗauki sunan Salahuddin Ahmed. Musuluncin bai yi wata uku cikakku ba. Da ya ga kuɗin Libiya ba su zo yadda ya so ba, ga shi kuma yana son a naɗa shi a coci irin na Napoleon, sai ya koma inda ya fito.

Hanyar Mbaïki

Fita daga Bangui zuwa Berengo sai an bi ta Bimbo, a haye gadar kogin M'Poko, a kama hanyar Mbaïki. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce cikin kurmi, ana wuce manyan motocin da ke ɗauke da gungumen katako, da mata masu shanya garin rogo a bakin titi, da gonakin kofi da suka koma daji. Wannan ɗan yanki shi ya ba ƙasar shugabanninta uku na farko. A Bobangui hubbaren Boganda yake, inda hukuma ke zuwa ajiye furanni kowace 29 ga Maris. Dacko, wanda ya rasu a Yawunde a 2003, shi ma a Lobaye aka binne shi.

Ga Musulmin Bangui hanyar tana da wani nauyi dabam. Kafin 2014 garuruwan Mbaïki da Boda cike suke da 'yan kasuwa Musulmi. A Fabrairu na shekarar aka kwashe na Mbaïki, mataimakin magajin gari Saleh Dido ya ce shi ba inda za shi, a nan aka haife shi. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. A Boda, garin lu'ulu'u, dubban Musulmi suka shafe watanni a killace a unguwa ɗaya.

Berengo: gari a cikin gida

Bokassa bai gina Berengo don kwana kawai ba. Ya mai da gonar kakanninsa fadar mulki mai titin saukar jirgi, barikin dogarai, ɗakin taron ministoci, wurin wanka, gidajen mata, da masana'antu nasa na kansa: injin yanka katako, wurin gyaran kofi, ɗinki, har da wurin buga faifan garmaho. Ministoci kan baro Bangui su zo nan a yi majalisa. Kuɗin gwamnati da aljihun mai gida suka zama abu ɗaya, kamfanoninsa ba sa biyan haraji, gwamnati kuma ita ce babbar mai saye.

Daga nan aka tsara bikin naɗin sarautarsa na 4 ga Disamba 1977, shekara guda bayan ya mai da jamhuriya daula. An yi naɗin a zauren wasanni na Bangui. Karagar tagulla ce da aka shafe da ruwan zinariya, mai siffar gaggafa ta buɗe fukafukai, nauyinta tan biyu, aikin Bafaranshe Olivier Brice. Kambin daga kamfanin Arthus-Bertrand na Paris, rigar Catherine daga gidan ɗinki na Lanvin, dawakan da suka ja keken sarauta daga Normandi, ga motocin Marsandi 60. Ya ɗauki kambin ya aza wa kansa, sannan Catherine ta durƙusa ya aza mata nata. An ƙiyasta kuɗin bikin ya haura dala miliyan 20, a ƙasar da ma'aikata ke bin bashin albashi, kuma Faransa ce ta ɗauki kaso mai tsoka. Babu shugaban ƙasa ko ɗaya da ya halarta. Faransa ministanta Robert Galley ta tura.

Daular ba ta cika shekara biyu da naɗi ba. A Janairu 1979 aka tilasta wa 'yan makaranta sayen yunifom mai tsada da kamfanin iyalin sarki ke ɗinkawa. Yara suka fito zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta. A Afrilu aka bi unguwanni aka kama ɗaruruwa, aka cusa su a gidan yarin Ngaragba. Ƙungiyar Amnesty ta ce kusan yara 100 suka mutu. Kwamitin alƙalai daga ƙasashen Afirka biyar ya bincika, ya ce kusan tabbas ne Bokassa da kansa yana da hannu. A daren 20 ga Satumba 1979, yana Libiya, sojojin Faransa suka sauka Bangui da Dacko a cikin jirginsu. Rahotanni da yawa sun ce sun kwashe takardun Berengo suka tafi da su. Makonni uku bayan haka jaridar Le Canard enchaîné ta fasa ƙwan lu'ulu'un da Bokassa ya ba shugaban Faransa Valéry Giscard d'Estaing, abin da ya taimaka wajen kayar da shi a zaɓen 1981.

Bokassa ya yi shekara huɗu a Abijan, sannan ya koma gidansa na Hardricourt kusa da Paris. A Oktoba 1986 ya dawo Bangui da ƙafarsa. An yi masa shari'a a bainar jama'a, rediyo na watsawa, cikin lauyoyinsa har da Nicolas Tiangaye wanda ya zama firaminista a 2013. A ranar 12 ga Yuni 1987 aka yanke masa hukuncin kisa. Shugaba André Kolingba ya sassauta, ya kuma sake shi a 1993. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1996, aka binne shi a Berengo, kusa da wani dogon mutum-mutuminsa na ƙarfe cikin kakin soja. Gidan Hardricourt an yi gwanjonsa a Janairu 2011 kan yuro 915,000.

Tun daga nan fadar ke fita daga hannun masu bindiga zuwa hannun wasu. A 2013 Seleka ta tara ɗaruruwan samarin da ta ɗiba aikin soja a can, ta watsar da su ba abinci, suna kwana a ɗakunan da rufinsu ya rufta, suna farautar ɓeraye a inda ministoci ke jiran a yi musu iso. A farkon 2018 gwamnatin Faustin-Archange Touadéra ta ba masu horarwa daga Rasha wurin, waɗanda duniya ta sani da sunan Wagner, suka mai da shi sansanin horar da sojojin ƙasar. Iyalin Bokassa suka yi ƙorafi a fili cewa ba a shawarce su ba, alhali ɗansa Jean-Serge yana ministan cikin gida a lokacin. A ƙarshen Yuli na shekarar wasu 'yan jaridar Rasha uku suka je ƙofar Berengo aka mai da su; washegari aka kashe su a hanya kusa da Sibut.

Gaskiya biyu a gida ɗaya

A ranar 1 ga Disamba 2010 Shugaba François Bozizé ya sa hannu kan dokar wanke Bokassa, ya kira shi babban magini, ya kuma ba Catherine lambar girma. Ba Bozizé kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A majalisun shayi na Bangui za ka ji masu cewa a zamaninsa aka kafa jami'ar Bangui a 1969, aka shimfiɗa tituna, aka gina filin wasa, kuma shi ya naɗa Elisabeth Domitien firaminista a 1975, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a Afirka. Wanda ya ga 2013 da idonsa, ba abin mamaki ba ne ya yi kewar lokacin da ɓarawo ke tsoron hukuma. Amma wannan tsoron shi ne dokar 1972 ta yanke wa ɓarayi kunne, shi ne fursunonin da aka yi wa dukan mutuwa a gabansa, shi ne yaran Ngaragba da ake tunawa da su duk 18 ga Janairu. Duka biyun gaskiya ne, kuma gidan tarihi na ƙwarai shi ne wanda zai ajiye su a ɗaki ɗaya ba tare da ya ɓoye ɗaya ba.

Mai karatu a Najeriya ya san yadda abin yake idan an yi shi. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai na shiga su karanta takardun gwamnatin Arewa. Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano yana hannun Jami'ar Bayero, ana ganin ɗakinsa da kabarinsa, ana kuma taron siyasa a zaurensa. Hubbaren Tafawa Ɓalewa a Bauchi yana karɓar 'yan makaranta. Ba don waɗannan wurare ba su da nasu matsalolin kuɗi da kulawa ba, sai don an miƙa su ga malamai maimakon sojoji. A ɗaya gefen kuma akwai Gbadolite, can sama a ƙetaren kogin Ubangi, inda fadojin Mobutu, tsohon shugaban Zayar, suka zama kufai tun 1997, aka rasa ginin aka kuma rasa darasin.

Bangui ba ta daina gina abin tunawa ba. A 2021 an kafa mutum-mutumin sojojin Rasha a tsakiyar gari, a Disamba 2024 aka ƙara na Yevgeny Prigozhin, jagoran Wagner. Ashe ba siminti ne ya yi ƙaranci ba, zaɓi ne na wanda za a tuna. Gyaran rufin gidan Boganda da fito da kayansa bai kai kuɗin rana ɗaya na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar tun 2014 ba. Berengo kuma tana da faɗin da za a ware kabari da tsohuwar fada a bar wa jama'a, ko da bariki na nan.

Ga mutanen Kokoro da Kilomita Biyar maganar ta wuce yawon buɗe ido. Musulminsu ne aka ce wa baƙi a 2014, aka nemi su nuna takardar kakanni. Gidan tarihin da zai ba da labarin ƙasar da gaske dole ya nuna fataken da suka kawo shanu da goro, da limamin da ya ce kowane mutum mutum ne, da sarkin da ya gina jami'a ya kuma kashe ɗalibai. Aikin da ya fi gaggawa ma ba na birkila ba ne. Yaran da suka tsira daga Ngaragba yanzu sun doshi shekara sittin ko sun haura, a ƙasar da kaɗan ne ke kaiwa saba'in. Masu dafa abinci da direbobi da dogaran Berengo sun fi su tsufa. Idan jami'ar Bangui da gidan rediyon ƙasa ba su bi su da na'urar ɗaukar murya cikin 'yan shekarun nan ba, ko an gyara gine-ginen daga baya, ba za a sami wanda zai faɗi abin da ya faru a cikinsu ba.